Jan Gaban da Aka Sa wa Babur ɗin Baba

Shekarar da babban kanal ya ɓalle ta gabas da garinmu, har mata suka riƙa tsintar tarwaɗa a cikin gonakin alkama, a shekarar ne aka canza wa babur ɗin Baba gaba. Ban riƙe lambar shekarar ba, don a lokacin ban san baƙi da fari na boko ba, sai yanzu da furfura ta fara leƙo mini nake zama ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Amma duk wanda ya yi wayo tsakanin Kura da Bunkure, in ka ce masa shekarar kifi a alkama, ya gane. Wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna. In kana neman mutum, ko ka taka da ƙafarka, ko ka aiki wani.

Abin da ya taso mini da maganar, kwanan baya na bi ta bakin titi na tarar an rushe rumfar bakaniken garinmu, an kafa shagon cajin waya a gurbinta. Na daɗe a tsaye ina kallon ƙasar wurin, har yanzu baƙa ce saboda tsohon mai. Yaran yanzu ba su san gyara ba. Babur ya ɗan yi tari, sai a kwance abin da ya lalace a jefar, a ɓare sabo daga kwali. In ya ƙara tari, a sayar da shi gaba ɗaya. Mu kuwa mun taso babur kamar ɗan gida ne, ana jinyarsa, ana haƙuri da halinsa.

Na Baba baƙi ne, tsoho, ya saye shi da alkamar da ya fara nomawa lokacin da ruwan kanal ya iso gonakinmu, ni ko wayo ban yi ba. Tun yana kan gadar ƙarfe Inna take gane ƙararsa ta ce a shimfiɗa tabarma. Ba ya tashi da kiki ɗaya, sai an lallashe shi, ya yi tari, ya yi shiru kamar yana shawara, sannan ya kama. Aikina ne in gangara da shi bakin ƙaramin kanal ranar Juma'a da safe in wanke shi da tsumma, in kankare fulogi, in ɗiga wa sarƙa baƙin mai da gashin kaza. Shi ke kai taki gona, shi ke fito da kwandunan tumatir bakin titi, shi ke kai mai ciwo asibiti. Baba yakan ce, "Ƙarfen da ya ɗauki abincinka, kada ka bar shi ya kwana da laka."

Banda fadamun da ke shan ruwan kanal, muna da gonar tudu can nesa, inda muke dawa da gero. Duk shekara in an yanke dawa, akwai wani Bafillace abokin Baba da ke saukowa da shanunsa ya kafa ruga a cikinta. Shanu su ci kara, su bar mana taki. Babu ciniki a tsakani, haka iyayensu ma suka yi. Matarsa ta aiko da nono da man shanu, Inna ta mayar da ƙwaryar da albasa da busasshen tumatir. Baffa nake kiransa. In ya shigo zaure sai ya ce, "Ina Kaɗon nan mai cin ganye?" Baba ya amsa daga ciki, "Ga ni nan, Ardon da ba shi da gari." Su zauna su sa hannu a ƙwarya ɗaya. Babban ɗansa, wanda muke kira Dogo, ya ɗan girme ni, tare muka koyi iyo a kanal.

A waccan shekarar sun sauko a makare, kuma Dogo ya dawo hannunsa na dama yana reto kamar tsumma. Can inda suka yi damina suka sayar da bijimi suka saya masa sabon babur, ɓarayi suka tare shi a hanyar kasuwa, suka sare shi a kafaɗa, suka tafi da babur ɗin. Mu ba mu taɓa ganinsa ba. Su kuma mutane ne da ba sa tsawaita maganar asara. Baba ya ce, "Allah ya mayar da alheri," Baffa ya ce, "Amin," aka koma zancen ruwa. Ko launinsa babu wanda ya tambaya.

Zancen ruwan kuwa ya yi zafi. Manoma suna cewa shanu ne suka tattake bakin kanal wajen shan ruwa har ya ɓalle. Makiyaya suna cewa manoma ne suka huda shi don satar ruwa kafin ranar rabonsu. Kowa na kallon kowa da gefen ido.

Ɓallewar nan ce ta ci ƙarƙashin hanyar da ke bin bakin kanal, sama lafiya, ƙasa rami. Baba ya taho da buhunan taki, tayar gaba ta burma, ya tashi sama ya sauka a kan gwiwa. Ƙafafun gaban babur suka lanƙwashe suka koma ciki, wilin ya zama kamar faifan da aka zauna a kai, fitila ta tarwatse. Tumatir ya nuna a gona, ba ya jiran kowa. Muka ɗora shi a amalanke sai rumfar bakanike, wanda duk gari ke kira Injiniya, ko da yake ko ƙofar makaranta bai taɓa leƙawa ba.

Injiniya ya zagaya shi yana tsaki. Ya ce, "Alhaji, wannan ai sai dai a yi masa salla."

Baba ya ce, "Ni ban je Makka ba, shi kuma bai mutu ba. Duba dai."

"Irin kayansa sun ƙare a duniya. Ko birni ka je, dariya za su yi maka."

Ya shiga bayan rumfa ya jawo wani abu daga ƙarƙashin buhu. Gaban babur ne cikakke, ja wur, da ƙafafunsa da wili da madigadi da fitila da sitiyari, na wani sabon samfuri. Ya ce wajen masu sayar da kayan kwance a birni ya samo shi. Baba ya ce, "Zai shiga?" Injiniya ya ce, "Da kansa ba zai shiga ba. Amma ni me nake yi a nan?"

Wuni guda muka yi a rumfar. Aka ɗora cikin babur a kan turmi, aka kwance babban notin wuya, tsohon gaban ya zare ya faɗi. Babur ba gaba abin tausayi ne, kamar rago bayan an cire kai. Wuyan sabon ya fi ramin tsohon tsawo, sai Injiniya ya yanko guntun bututun ruwa ya goge shi da zarto ya cike tazarar. Ya shafa giris a bakin wuyan, ya riƙa jera 'yan ƙwayoyin boris ɗaya bayan ɗaya da bakin tsinke, yana ce mini kada in yi numfashi da ƙarfi. Wayar birki ba ta kai ba, ya yi mata ƙari. Wayoyin fitila launinsu bai zo ɗaya ba, ya riƙa gwada su da harshe yana zabura. Ina riƙe da madigadi na ji yatsana ya faɗa wata tsaga a gefensa. Na duba, biyu ne a dama, ɗaya a hagu, an yi su da zarto a tsanake. Na nuna masa. Ya ce, "Ɓeran birni ne, har ƙarfe yake ci. Miƙo sifana."

Da aka sauke shi daga turmi, sai ga babur ya ɗaga kai sama, gaba ja, baya baƙi. Masu shayi suka fito suna dariya. Wani ya ce, "Tsoho ya ari hular ango!" Injiniya ya ce a bari ya shafe jan da baƙin fenti, Baba ya ce wa zai rufe sabon abu da fenti, a bar mutane su gani. Gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, don haka ya miƙo mini makulli. Ranar ban taka ƙasa ba don murna.

Ranar kasuwa ta zagayo, na ɗaure kwando biyu na tumatir a baya na kama hanya. Kafin in kai wa dillali, raina ya ce in biya ta kara, inda ake cinikin shanu, in nuna wa Dogo. Na hango shi a gindin wani marke tare da 'yan'uwansa samari, kowa da sanda a kafaɗa. Na nufe su ina danna hon, na ja birki a gabansu har ƙasa ta tashi.

Na ce, "Ɗan Fillo, tashi ka ga abin da shanu ba sa haifa!"

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna a gaban tayar, ya kai hannun hagu ya shafa gefen madigadi, dama, sannan hagu. Ya daɗe a haka. Ya ce, "A ina ka samo wannan?"

"Kishi kake yi?"

"Tambayarka nake yi."

Ya juya ya yi magana da Fillanci, gajeriya. Na ga sanduna suna saukowa daga kafaɗu. Wani ya zare makulli, wani ya riƙe mini wuyan riga ta baya. Dogo ya miƙe, ya ce, "Da hannuna na yi tsagar nan. Da wannan hannun." Ya nuna wanda ke reto.

Sai a lokacin na waiwaya na dubi shanunsu da ke ɗaure a gefe. Kowace saniya, tsaga biyu a kunnen dama, ɗaya a hagu. Shanun nan a gonarmu suke kwana tun ina goye. Amma mu manoma bakin saniya muke kallo da ƙafarta, me za ta ci, me za ta taka. Ba mu taɓa kallon kunnenta ba.

Ban san wanda ya fara furta kalmar ba. Na dai ji an ce "ɓarawo", kasuwa ta juyo gaba ɗaya. Na taɓa ganin abin da ake yi wa wanda aka kira da sunan nan a kasuwa, ba a tambayarsa komai sai bayan ya daina motsi. Sanda ta sauka a bayana, wata a cinya, na faɗi tare da babur, kwanduna suka kife. Mutanen garinmu da suka gane ni suka taso, wasu da ƙotar fartanya daga rumfar maƙera, wani mahauci da wuƙarsa a hannu yana cewa, "Kun fasa mana kanal, yanzu kuma ɗanmu za ku kashe?" Daga can aka amsa, "Ku da kuke saran mutane a hanya?" Ina kwance a tsakiya ina ganin ƙafafu kawai, tumatir yana fashewa a ƙarƙashinsu.

Sai ƙafafun suka dare. Baffa ne, da malafarsa, yana tafiyarsa ta kullum kamar babu abin da ke faruwa. Ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya sunkuya ya shafa madigadin da babban yatsa. Sarkin kasuwa, wanda ya iso yana haki, ya ce, "Malam, kai ne babba. Alamarku ce ko ba taku ba ce?"

Na san in ya ce e, ba lalle in tashi daga wurin ba. In ya ce a'a, ya ƙaryata ɗansa a gaban dangi, ga hannun yana reto kowa na gani.

Baffa ya ce, "Tsagar gidana ce."

Samarin suka yunƙuro. Sai ya taka ya tsaya a kaina, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, ya gitta sandarsa. Ya ce, "Wannan kuma da ke kwance, matata ta ba shi nono a ludayi tun bai yi haƙori ba. Wanda ya ƙara taɓa shi, ni ya taɓa. Kun taɓa ganin ɓarawon da ya kawo kayan sata gaban mai kaya yana busa hon? A kira ubansa."

Aka tashi mai keke. Jiran nan shi ne mafi tsawon zaman da na taɓa yi. Rana ta take, ƙuda ya taru a kan tumatir, babu wanda ya koma rumfarsa, babu wanda ya ajiye abin da ke hannunsa. Ina zaune a inuwar Baffa, bayana yana zafi. An aika a kira Injiniya, ɗan aiken ya dawo ya ce rumfa a rufe, ya tafi birni tun safe. Wani daga cikin makiyayan ya yi dariyar da ba ta da daɗi, ya ce, "To, ai ka ji."

Baba ya iso a bayan keke, ya sauko yana ɗingishi. Ya fara duba ni, ya ga ina numfashi, sannan ya yi sallama. Baffa ya amsa, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ban taɓa jin ya kira shi Malam ba. Baba ya faɗi yadda aka yi tun daga faɗuwarsa, bai ƙara ba, bai rage ba.

Dogo ya ce, "Baki ne. Kowa yana da shi. Ya dafa Alƙur'ani."

Mutanenmu suka ɗauki hayaniya. Baba mutum ne da ko a cinikin gona ba a taɓa neman shaidarsa biyu ba. Sarkin kasuwa ya ce shi dai abin da zai kashe wutar nan yake nema. Kowa ya juya wajen Baffa, don kalma ɗaya daga bakinsa ta isa: ya ce na san shi, ba sai ya rantse ba. Baba ma shi yake kallo. Baffa ya dubi hannun ɗansa, ya dubi samarin da ke bayansa da sanduna, ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da bakin sanda.

Baba ya ce, "A ba ni buta."

Ya yi alwala a gaban jama'a, da ƙyar ya wanke ƙafar da ke ciwo. Limamin masallacin kasuwa ya kawo Alƙur'ani a cikin gafaka. Baba ya ɗora hannu ya rantse cewa bai san na sata ba ne, bai san wanda ya sari yaron ba, shi da ɗansa. Sanduna suka koma kafaɗu, mahauci ya mayar da wuƙa, mutane suka fara juyawa.

Baba ya ce, "Ban gama ba. Wa ke da sifana?"

Wani mai gyaran keke ya kawo. Baba ya ce in tashi in riƙe. A tsakiyar kara muka kwance abin da aka wuni ana haɗawa. Ya tsinke ƙarin wayar birki da hannunsa, ya warware babban noti, gaban ya zare, ƙwayoyin boris suka zube cikin yashi da kashin shanu. Ya ɗaga shi da kansa ya jingina a jikin marken.

"Ga kayanku."

Baffa ya ce, "Malam, ba sai an kai ga haka ba."

"An riga an kai."

A amalanken shanu muka koma gida, ni da Baba da rabin babur. Mun yi nisa a bakin kanal, ana jin ƙarar ruwa a ƙofofin rabo. Can Baba ya ce, "Mutumin nan ya ceci ranka yau. Duk inda ka gan shi, ka durƙusa har ƙasa."

Na ce, "Kai fa, Baba?"

Ya ce, "Ni ya tsaya yana kallo na dafa Littafi."

Da Injiniya ya dawo ya ji labari, ya zo gida yana rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba. Baba ya ce ba nan zai faɗa ba, ya tafi ruga. Injiniya ya je, ya faɗi inda ya sayo, ya ce ko fuskar wanda ya sayar masa ba zai iya nunawa ba, don wurin kaya ne ke shigowa ta ko'ina a kwance. An ce Baffa ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka ba shi nono.

Ba a jima ba, wata safiya na fito zan tafi ban ruwa, na tarar da jan gaban a jingine a ƙofar zaurenmu, an wanke shi tas, har an ɗaure wayoyinsa da igiyar kaba don kada su ja ƙasa. Baba ya fito ya gani. Ya ce in ɗauka in mayar. Na saɓa shi a kafaɗa har gonar tudu. Na tarar da turaku a tsaye babu shanu, toka da sauran ɗumi, kara ko rabi ba a ci ba. Na dawo da shi. Baba ya ce in sa a rumbun da ba a amfani da shi. Na roƙe shi a mayar wa babur, Inna ta roƙe shi, Injiniya ya ce zai haɗa kyauta. Ya ce ba namu ba ne. Na ce to a sayar. Ya ce ba namu ba ne.

Da kaka ta zagayo, Baba ya hana a kwashe karan gonar tudu, ya ce a bar shi a tsaye. Ya bushe, gara ta ci. Shekarar da ta biyo ma haka. Mun ji su Baffa suna sauka wajen Garun Mallam, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Inna ta ce wa Baba ya je mana, ya ce wanda ya tashi, shi ya san hanyar dawowa. Na taɓa haɗuwa da Baffa sau ɗaya a wata kasuwa, na durƙusa har ƙasa kamar yadda aka umarce ni. Ya dafa kaina ya ce, "Yaya gwiwar Kaɗon?" Na ce da sauƙi. Ya buɗe baki kamar zai ba ni saƙo, sai ya gyara malafa ya ce in gaida Inna. Da na faɗa wa Baba, ya ce, "Kaɗo ya ce, ko Malam?" Na ce Kaɗo. Ya shiga ɗaki, bai fito cin tuwo ba.

Yau gonar tudu takin buhu take ci, in ba a zuba ba ba ta ba da komai. Hanyar da shanu ke bi su sauko an nome ta. 'Ya'yana a roba suke sayen nono, ba su san sunan mai shi ba.

In an ƙirga abin da ya tafi, ga shi: kwando biyu na tumatir. Babur ɗaya, wanda ya ruɓe a bayan ɗaki ba gaba. Gaba ɗaya, wanda ya yi tsatsa a rumbu ba babur. Hannun Dogo na dama. Da tsofaffi biyu, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara sallama, har ƙasa ta rufe su duka.